Na gama sakandare, ta wace ƙofa zan shiga soja?

Wani matashi ya rubuto mini cewa bana ya kammala sakandare, sakamakonsa ya yi kyau, kuma tun yana ƙarami ba shi da burin da ya wuce ya ga kansa cikin kaki. Abokansa biyu sun riga sun cike takardar shiga kurtu suna jan sa ya bi su, mahaifinsa kuma ya ce ya haƙura sai ya gama jami'a. Yana so ya san hanyoyin da ake bi a shiga soja bayan sakandare, da wadda ta fi dacewa da shi.

Ɗana, na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu a ko'ina. Ni a kurtu na shiga. Na yi shekaru da igiya a hannun rigata kafin anini ya hau kafaɗata, kuma kafin in ajiye kaki na sha zama cikin masu tantance yara irinka. Abin da na fi gani yana cutar matasa shi ne gaggawa. Ƙofar da ta fara buɗewa ita suke faɗawa, sai bayan shekara biyar ko shida su gane cewa ƙofar nan ce ta yanke musu inda za su tsaya har ranar ritaya.

Ka fara da fahimtar wannan: a kusan kowace runduna ta duniya tsani biyu ne. Akwai tsanin ƙananan sojoji, akwai tsanin hafsoshi. A tsarin da ƙasashe renon Ingila suka gada, na farko yana tashi daga farabiti, sai las kofur mai igiya ɗaya, kofur mai biyu, saja mai uku, a yi ta hawa har samanja. Na biyu yana farawa daga laftana mai anini ɗaya, ya wuce kyaftin, manjo, kanar, birgediya, har janar. Saman tsanin farko bai haɗu da ƙasan na biyu ba. Samanjan da ya shekara 25 a bakin aiki shi zai ƙame ya sara wa laftanan da ya fito daga makaranta jiya, domin laftanan yana riƙe da takardar naɗi da ake bayarwa da sunan shugaban ƙasa, kuma alhakin rayukan mutanen da ke ƙarƙashinsa a wuyansa yake.

Kada ka ji wannan ka ɗauka ina raina ƙaramin soja. Duk wanda ya zauna a bariki ya san saja da samanja su ne ƙashin bayan runduna. Su suka san wane yaro ne ƙafarsa ke ciwo, wane ne hankalinsa ya tafi gida, wace bindiga ce ke cijewa. Laftanan da ba ya sauraron sajansa ba ya daɗewa bai yi ɓarna ba. Bambancin yana cikin irin aikin. Hafsa yana tsarawa, yana yanke shawara, yana rubutu da yawa, kuma idan abu ya lalace shi ake fara tambaya. Ƙaramin soja yana zama gwani a sana'a ɗaya, yana aiwatarwa da hannunsa, daga baya ya horar da na bayansa. Albashi, masauki, tsawon shekarun aiki da fansho duk sun bambanta tsakanin tsanukan biyu. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce wane irin aiki kake so ka wayi gari kana yi shekara 15 nan gaba.

Ƙofar da abokanka suka nufa, wato kurtu, ita ce mafi faɗi kuma mafi sauri. Takardar sakandare ta isa, kuma yawanci sakamakon da ake nema bai kai na makarantar hafsoshi tsauri ba. Ana tantance takardu, a auna lafiya da ƙarfin jiki, sannan a tura ka horo na watanni. A Nijeriya Difo na Zariya, wanda aka kafa a 1924, shi ne ya daɗe yana yaye kuratan sojan ƙasa, horon kuma kusan wata shida ne. A Amurka horon farko na sojan ƙasa mako 10 ne, daga nan kowa ya wuce makarantar sana'ar da aka ba shi. Shekarun shiga sun bambanta: Amurka tana karɓar ɗan shekara 17 idan iyaye sun sa hannu, Ingila tana da makaranta a Harrogate mai ɗaukar 'yan shekara 16, ƙasashe da yawa kuma sai ka cika 18. Wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 ta ɗora wa ƙasashen da suka sa mata hannu kada su tilasta wa wanda bai kai 18 ba shiga soja, kada kuma su tura shi fagen fama.

Abin da matasa ba sa tambaya a wannan ƙofar, kuma shi ya fi komai muhimmanci, shi ne sashen da za a sa su. Mutane suna jin soja sai su hango mai bindiga a rami. Gaskiya ne dakarun ƙasa su ne zuciyar runduna, amma bayan kowane soja da ke bakin daga akwai wasu da dama da ke riƙe da shi: masu sigina da sadarwa, injiniyoyin gada da hanya, makanikan tankoki da na jiragen sama, ma'aikatan jinya, masu kula da makamai da rumbunan kaya, masu aikin rada, direbobin manyan motoci, masu lissafin albashi, yanzu har da masu tsaron na'urorin kwamfuta da masu sarrafa jirage marasa matuƙa. Wanda ya shekara 12 yana gyaran injin jirgi, ranar da ya tuɓe kaki yana da sana'ar da kamfanoni ke nema. Wanda bai koyi komai ba sai fareti da gadi, shi ne nake gani yana shan wahala bayan ritaya, kuma abin yana ci mini rai, domin sau da yawa shi ne ya fi kowa ganin wuta.

A Amurka jarrabawar da suke kira ASVAB ita ke nuna sana'o'in da za a iya ba ka, kuma ana rubuta sana'ar a cikin yarjejeniya tun kafin ka tafi horo. A wasu ƙasashe sai an gama horo ake rarrabawa bisa buƙatar runduna, amma ana buɗe gurbi daban ga masu sana'a, waɗanda suka zo da takardar koyon walda, lantarki, kanikanci ko jinya. Idan kana da irin wannan takardar, ta nan za ka nema. Sojan ruwa da sojan sama sun fi sojan ƙasa yawan aikin fasaha, don haka mai ƙarfi a lissafi da kimiyya ya duba can ma.

A tsarin Faransa da ƙasashen da suka gaje shi akwai wata ƙofa a tsakiya wadda tsarin Ingila ba shi da irinta. Mai takardar bakaloriya, wato shaidar gama sakandare a tsarinsu, yana iya shiga makarantar horar da saja kai tsaye, ya fito da igiyoyinsa ba tare da ya fara daga farabiti ba. Ta Faransa tana Saint-Maixent, Nijar ma tana da tata a Agadas. Ga wanda ke ƙasar da ke bin wannan tsarin, hanya ce mai kyau, domin daga saja zuwa hafsa tazarar ta fi kusa.

Yanzu ga ƙofar da nake so ka fi zuba wa ido tun da ka ce sakamakonka ya yi kyau: makarantar horar da hafsoshi mai ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare. A nan gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatunka, ta ba ka ɗan alawus, ka fito da digiri da anini a lokaci guda. Makarantar NDA ta Kaduna an kafa ta a 1964, ta fara ba da digiri daga 1985, ta fara karɓar mata a sahun hafsoshin yaƙi a 2011. Ɗalibin sojan ƙasa shekara biyar yake yi, huɗu na karatu haɗe da horo, ta ƙarshe horon soja zalla. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sai jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, sai jarrabawar makarantar kanta, sannan zaman kwamitin tantancewa. West Point ta Amurka, wadda aka kafa a 1802, shekara huɗu ce, yawanci sai ɗan majalisar tarayya ya gabatar da sunanka, kuma dole ka kasance tsakanin shekara 17 da ƙasa da 23, ba aure, ba ɗa. Idan ka gama, shekara biyar za ka yi wa ƙasa aiki a cikin kaki kafin ka yi maganar fita. Indiya tana ɗaukar yara bayan aji 12, wato ƙarshen sakandare, su yi shekara uku a makarantar haɗin gwiwa ta Khadakwasla, sannan na sojan ƙasa su ƙara shekara ɗaya a Dehradun.

Ba kowace sananniyar makaranta ce ke tafiya haka ba. Sandhurst ta Ingila, inda su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka yi horo, kwas ɗinta na yanzu mako 44 ne, kuma mafi yawan masu shiga sun riga sun gama jami'a, ko da yake ba a hana mai takardar sakandare mai ƙarfi nema ba. Saint-Cyr ta Faransa, wadda Napoleon ya kafa a 1802, sai ka yi shekara biyu na share fage bayan bakaloriya kafin ka zauna gasar shiga. Don haka ka nemi sanarwar makarantar ƙasarka ta bana ka karanta ta da idonka, domin sharuɗɗa suna canzawa, kuma abin da yayan abokinka ya gaya maka na shekarun baya ne.

Bari in ɗan daɗe a kan kwamitin tantancewa, domin a nan na ga yara masu ƙoƙari suna faɗuwa ba su san dalili ba. Jarrabawar takarda tana tace masu ilimi ne kawai. Bayan ta za a tara ku kwanaki, a hana ku isasshen barci, a raba ku ƙungiya-ƙungiya, a ba ku aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar a ce ku tsallake da kaya mai nauyi ta kan shinge da katako biyu da igiya, cikin ƙanƙanin lokaci. Mu da ke gefe da takarda a hannu ba mu cika damuwa da ko kun tsallake ba. Muna kallon wanda ya kawo dabara, wanda ya saurari dabarar wani ya karɓa don ta fi tasa, wanda ya waiwaya ya ja na baya, wanda ya fusata da abu ya ƙi, da wanda ya yi shiru ya ɓuya a tsakiyar taro. Yaron da ya fi kowa ɗaga murya yana ba da umarni sau da yawa ba shi muke ɗauka ba. Haka a zaman ganawa: za a tambaye ka abin da ke faruwa a ƙasarka da maƙwabta, a tambaye ka me ya sa kake son aikin, a jefo maka tambayar da ba ka san amsarta ba. Wanda ya ce bai sani ba cikin natsuwa ya fi mana wanda ya ƙirƙiro amsa, domin hafsan da zai yi ƙarya a ɗakin ganawa zai yi ƙarya a rahoton fagen daga, kuma rahoton ƙarya rayuka yake ci. Ka riƙa karanta jarida, ka saba da tsayuwa gaban mutane kana bayani, ka shiga wasan da ake yi a ƙungiya. Waɗannan ba a haddace su a mako ɗaya.

Abu biyu kuma game da wannan ƙofar. Masu nema suna da ɗimbin yawa, gurabe kaɗan ne, wasu ƙasashe ma suna raba su bisa jihohi ko yankuna, saboda haka faɗuwa a karon farko ba abin kunya ba ne, kuma na san hafsoshi nagari da sai a karo na biyu ko na uku suka samu. Sai dai iyakar shekarunta ƙunci gare ta, shekara huɗu ko biyar ne kacal bayan sakandare. Jami'a za ta jira ka, kurtu ma yana da ɗan sarari, amma wannan idan ta rufe ta rufe ke nan.

Shawarar mahaifinka ita ce ƙofa ta uku, kuma ba shawarar banza ba ce. Masu iya magana kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mai digiri yana iya zama hafsa ta gajeren horo na watanni. A Nijeriya akwai gajeren kwas na hafsoshin yaƙi ga masu digiri ko babbar difloma, akwai kuma wanda ake ɗaukar ƙwararru kai tsaye, irin su likitoci, lauyoyi, injiniyoyi, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, limamai da fastoci, su shiga su yi wa runduna aikin da suka karanta. Amurka tana da wani tsari tun 1916 mai suna ROTC, inda ɗalibi ke karatu a jami'ar farar hula yana karɓar horon soja a gefe, wani lokaci ma rundunar ce ke biya masa kuɗin makaranta. Ta nan Colin Powell ya samu anininsa a 1958, kuma a 1989 ya zama shugaban hafsan hafsoshin ƙasar. Alherin wannan hanyar shi ne kana shiga da hankalin da ya nuna, da kuma takardar da za ta ci da kai ko da gwajin asibiti ya kayar da kai. Abin lura kuwa, a rundunoni da yawa wanda ya shiga ta gajeren kwas naɗinsa na wa'adi ne, sai ya nemi a mayar da shi na dindindin, kuma wanda aka ɗauka a matsayin ƙwararre yawanci ba a ba shi jagorancin dakarun yaƙi. Idan burinka ka zama likitan soja, wannan ce hanyarka. Idan burinka wata rana ka jagoranci bataliya, makarantar hafsoshi ta fi miƙewa.

Na san abin da abokanka za su ce maka: mu shiga kurtu yanzu, in mun shiga ma haye zuwa hafsa daga ciki. Ana hayewa, ni shaida ne. Tarihi ma ya nuna: William Robertson ya shiga sojan Ingila a farabiti a 1877, ya shekara 11 kafin ya samu anini, ya kai muƙamin fil mashal a 1920. Amma har yau shi kaɗai ne ya yi wannan tafiyar tun daga ƙasa har ƙololuwa a rundunar tasu. Faransa tana da makaranta sukutum don ƙananan sojojin da suka ci gasar zama hafsoshi, sauran ƙasashe ma kowa da tasa hanyar. Sai dai ka san me ake buƙata: shekarun aiki da aka ƙayyade, tarihi mai tsabta ba hukunci ko ɗaya, amincewar kwamandanka a rubuce, ƙarin karatu da za ka yi da dare bayan ka wuni a bakin aiki, sannan shekarunka kada su wuce iyaka. Ni sau biyu lokacin jarrabawar yana zuwa ina can inda aka tura ni, nesa da inda ake zama. Ba wanda ya zalunce ni, aiki ne ya zo da haka, amma shekaru sun tafi. Da na haye, sa'o'ina da suka shiga ta makarantar hafsoshi sun yi mini nisan da ban ƙara cim musu ba. Wanda ba shi da takardar da za ta kai shi makarantar hafsoshi, ya shiga kurtu da alfahari ya yi ta ƙoƙari. Wanda yake da ita kuma ya bar ta don gaggawa, ya sayi doguwar hanya da kuɗinsa.

Kowace ƙofa ka zaɓa, likita ne ke tsaye a bakinta, kuma ya fi jarrabawa kayar da mutane. Tun yanzu ka je asibiti a duba ka kamar yadda za su duba ka. A auna ganinka, har da gwajin bambance launuka, domin maza da yawa ba su san ba sa rarrabe ja da kore ba sai ranar, kuma wannan kaɗai ya isa ya rufe maka tuƙin jirgi da yawancin aikin sojan ruwa. A auna jinka, hawan jini, zuciya, ciwon hanta, a duba ƙaba da gwaiwa, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da gwamewar gwiwa. Ka san rukunin jininka game da sikila: mai cutar ba a ɗaukarsa, mai ɗauke da rabin ƙwayar kuma kowace runduna da dokarta, amma ya kamata ya sani, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari. Akwai ma'aunin tsawo, a sanarwar sojan ƙasa na Nijeriya mita 1.68 ga maza, 1.65 ga mata. Ana gwajin miyagun ƙwayoyi a fitsari, kuma ba a sauraron uzuri a kai. Wasu rundunonin ba sa karɓar mai zane a jiki.

Ina roƙonka, kada ka ɓoye ciwo. Na taɓa ganin wani kurtu da ya ɓoye asma ya tsallake gwaji. A mako na uku, cikin gudun safe, ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma an sallame shi, kuma na daɗe ina tuna fuskar yaron. Dokar asibitin nan an yi ta ne don ranka da rayukan waɗanda za su dogara da kai a wurin da babu likita kusa.

Horon jiki kuma ka fara shi wata huɗu zuwa shida kafin lokaci, a hankali. Gudu sau uku ko huɗu a mako, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da motsa hannu da ciki, da doguwar tafiya ɗauke da jaka. Wanda ya kwana biyu bai motsa ba ya tashi da gudun kilomita 10 kullum, ƙashin ƙwaurinsa ne zai tsage kafin ranar tantancewa. Idan sojan ruwa kake so, ka koyi iyo.

Ka jera takardunka a gabanka ka duba: sunanka da ranar haihuwarka su zo iri ɗaya a takardar haihuwa, ta firamare, ta sakandare da katin shaidar ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya sha mayar da yaro gida. Kada ka rage shekaru, kada ka yarda wani ya gyara maka sakamako, domin ana komawa a bincika ko bayan shekaru, kuma na ga wanda aka tuɓe wa kaki yana da mata da 'ya'ya saboda takardar da ya gabatar tun yana saurayi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, ko ya nuna maka hotonsa da kaki, ɗan damfara ne. Ta shafin rundunar na intanet ko ofishinta na ɗaukar ma'aikata kaɗai za ka nema.

Akwai maganar da ba a sa wa a allon talla, kuma ba zan zama mai gaskiya ba idan na tsallake ta. Aikin soja ba a ajiye shi ranar da aka ga dama. Kana sa hannu ka shiga ƙarƙashin dokar soja da kotun soja, a kan dokar da ta hau kowa. A Amurka duk wanda ya shiga ya ɗauki alkawarin shekara takwas, wasu a bakin aiki, sauran a jerin waɗanda za a iya kira. Kowace ƙasa tana da nata wa'adin, kuma wanda gwamnati ta kashe wa kuɗin digiri ko na koyon tuƙin jirgi nasa ya fi tsawo. Barin aiki ba izini laifi ne da ake ɗauri a kansa. Ba kai ke zaɓar inda za a kai ka ba, za a yi haihuwa da rasuwa a gidanku ba ka nan. Za a iya ba ka umarnin da zai kai ka inda ake mutuwa, za a iya sa ka harbi mutum. Na binne abokai, kuma na san waɗanda suka dawo da jiki lafiya amma barci ya ƙaurace musu shekaru. Za a kuma koya maka cewa biyayya tana da iyaka: yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun kare farar hula da fursunan yaƙi da wanda ya ji rauni, kuma cewa umarni aka ba ka ba ya wanke ka idan ka taɓa su. Ka zauna kai kaɗai ka auna wannan. Idan rashin aikin yi ne kawai ke tura mutum, makon farko na horo zai gaya masa. Idan ka auna ka ga har yanzu zuciyarka na nan, to aiki ne mai daraja, kuma 'yan'uwantakar da za ka samu a cikinsa ban ga irinta a wani wuri ba.

Da ni ne kai, da wannan sakamakon a hannu, makarantar hafsoshi zan nema bana, in kuma nemi gurbin jami'a a lokaci guda. Idan ta farko ta samu, shi ke nan. Idan ba ta samu ba, in fara jami'a in sake nema baɗi muddin shekaruna ba su wuce ba, in ta ƙi gaba ɗaya in gama digiri in shiga ta gajeren kwas. Kurtu zan ajiye shi ga halin da waɗannan biyun suka gagara, ko gida ba zai iya ɗaukar nauyin jami'a ba, kuma ko a nan sai na nemi sashen da zan fita da sana'a.

Game da mahaifinka, kada ka je masa da gardama. Abin da yake so shi ne ka yi ilimi, wataƙila kuma yana jin tsoron abin da kowane uba ke tsoro bai faɗa ba. Ka samo sanarwar makarantar hafsoshi, ka zauna kusa da shi ka nuna masa cewa digiri ake bayarwa a can, ka nuna masa darussan da ake karantawa da shekarun da za ka yi. Idan akwai tsohon soja da yake ganin girmansa, ku je tare ya ji daga bakinsa. Sa hannunsa za ka buƙata a takarda idan ba ka cika 18 ba, albarkarsa kuwa ko ka cika. In ka yi gwajin asibitin, ka sake rubuto mini da abin da likita ya ce game da idonka da jininka, da darussan da ka fi ƙarfi a ciki, sai mu duba tsakanin sojan ƙasa da na ruwa da na sama wanne za ka sa a gaba.